Diskin Marigayi Garba Mai Hoto

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma yau zan rantse muku: wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, da rana tsaka, ba wani ne ya ba ni labari ba. Shekarar korona ce, lokacin da aka rufe boda, ina da ɗan shago a Brik, wato unguwar Briqueterie ta Yaounde a Kamaru, ina haɗa kwamfuta da gyaranta, tela a damana, mahauci a haguna. Ni mutumin Zariya ne, neman abinci ya kai ni, kuma katin zamana ya ƙare a daidai lokacin, ofis a rufe, ko hular ɗan sanda na hango sai in canza hanya. Ku riƙe wannan, don nan ne aka kama lagona.

Wani mai suna Sale ya shigo min ba sallama. Haifaffen unguwar ne, ƙanin marigayi Garba mai hoto, wanda ya ɗauki bikin aure da suna na rabin Brik. Garba bai daɗe da rasuwa ba, kuma kowa ya san shi da Sale ba sa ga maciji, ko jana'izar ma sai da dattawa suka ja shi. Ya zube min kaya a tebur: kat-mer ta hannu, wato faffaɗan allon cikin kwamfuta da ake jona komai a jikinsa, wadda ya sayo a kasuwar Mokolo, da akwatin inji, da tsohon diskin yayansa. Wai in haɗa masa, in goge diskin tas. Na ce hotunan mutane fa? Ya ce ba shawara ya zo nema ba.

Na haɗa, na kunna, fanka ta juya, na shiga BIOS, shafin nan da ke fara buɗewa inda allon ke nuna abin da aka jona masa. Babu diski. Na ɗora tafin hannuna a kansa, ga shi yana juyawa, ina jin motsinsa, amma allon ya ce bai san da shi ba. Na ce ƙaramin abu ne. Na canza waya, na canza rami, na juya saitin da ake karanta diski da shi, na ɗauko kilena, filashin nan mai ɗauke da pilot, wato ɗan shirin da ke sa inji ya gane diski, na loda, shiru. Shi kuma gogan yana kan benci yana karkaɗa ƙafa, yana cewa da ma an gaya masa gyaran 'yan Najeriya duk baki ne. Na haɗiye, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Can aka kira shi a waya, ya fita bakin titi. Ina ɗaga ido, sai ga diskin ɓaro-ɓaro a jerin da ake zaɓar diski, da sunan da mai shi ya raɗa masa: GARBA FOTO. Na ƙwala masa kira ina murna. Yana sa ƙafa a cikin shago, layin ya ɓace. Na ɗauka takunsa ne ya girgiza waya, don daɓen shagon ba shi da kirki, na ɗaure wayar tam, na ce ya dawo gobe.

Bayan tafiyarsa sunan diskin ya wuni a fuskar kwamfutar, ko ƙiftawa bai yi ba. Duk da haka na yi abin da aka koya min. Na cire ɗan batirin allon mai kamar kwabo na mayar, na sabunta BIOS ɗin gaba ɗaya, aikin da in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa allon ya mutu ke nan, kuma kun san halin wutar Brik. Hannuna a ƙirji har ya gama. Washegari Sale ya iso da hantsi, ina kallon sunan, ina kallon ƙafarsa, tana tsallake dokin ƙofa sunan ya tafi.

Nan fa ya tashi hankalin unguwa. Wai na sace diskin kirki na sa masa matacce, ɓarawo ne ni, shi zai je komisariya, wato caji ofis, yanzu-yanzu, a zo a tambaye ni takarduna a ga ko ina da su. Ban san wanda ya tsegunta masa ba. Kafin ka ce kwabo ƙofar shago ta cika, masu takunkumi da marasa shi, kuma duk wanda ya zauna kusa da Mokolo ya san irin dukan taron dangin da kalmar ɓarawo ke jawowa. Na ga shagona da zamana a garin duk suna shirin tafiya.

Baba Isa tela, maƙwabcina, dattijo mai sanyin magana, shi ya ratsa ya shigo. Na ce masa, "Baba, don Allah ka sa shi ya fita waje kawai, ku kuma ku kalli fuskar kwamfutar."

Sale ya fita yana zagi. Sunan ya fito. Baba Isa ya ce ya shigo, ya shigo, sunan ya ɓace. Aka maimaita har masu dariya suka daina, wata mata ta kama salati, ni kuwa na janye hannuwana baya don kada a ce wani abu nake dannawa. Sale ya tsaya a waje, idonsa ja wur, ya ce, "To goge shi daga nan, ina kallo."

Baba Isa ya riƙe min wuyan hannu. Ya ce hoton marigayiya matarsa na ƙarshe, na bikin 'yarsu, yana cikin diskin nan, a bari a kwafe wa mutane nasu tukuna. Ai kamar ya zuba wa wuta fetur. Sale ya afko, ya fizge diskin har da wayar jikinsa, ya nufi kututturen mahauci, ya karɓi gatarin sara ƙashi, ya yi ta sara yana kiran sunan yayansa, sai da abin ya zama gutsi-gutsi, ya shure su cikin kwata. Baba Isa ya koma kan kekensa, na ga yana share ido da gefen riga. Har yau ban yafe wa Sale wannan ba.

Ya sayo sabon diski a kwalinsa, na sa, allon ya gane shi nan take, na loda masa komai, ya ɗauka ya tafi, maganar komisariya ta bi ruwa. Na yi hamdala na ce an rabu.

Ba a rufa wata ba sai ga shi da injin a ka, ya rame, wannan karon har da sallama. Ya ajiye, ya ce in kunna. Na kunna. Diski biyu a jeri: sabon, da GARBA FOTO. Na buɗe akwatin a gabansa, diski ɗaya ne tal, sauran ramukan fayau. Na ce ya ɗan fita. Ya fita, sunan ya ɓace. Ya dawo, sunan ya dawo.

Ya ce a hankali, "Malam, cire min shi."

Na cire batiri, na sake sabunta BIOS, na canza diskin da wani nawa, na ma cire diski gaba ɗaya na kunna injin haka nan. Muddin yana tsaye a wurin, sunan yana nan. Na gaya masa wannan ya fi ƙarfin sukudirebana. Ya daɗe yana kallon allon, ya juya ya fita, bai ɗauki injin ba.

Na tura shi ƙarƙashin tebur, can bayan watanni na jawo shi ina gwada wasu kaya a kai, lafiya lau yake aiki. Wata la'asar ina cikin aiki, ni kaɗai, sai layin nan ya fito. Na ɗaga kai. Sale ne ke wucewa ta ƙofar shagon, kansa a ƙasa, bai ko waigo ba. Yana shan kwana, layin ya tafi.

Na yi shekaru a sana'ar nan, na tambayi waɗanda suka fi ni, babu wanda ya ba ni amsa, ni ma ba ni da ita, Allah ne masani. Abin da zan ce muku kawai, in aka kawo muku kayan mamaci a ce ku goge, ku tambaya tukuna ko akwai mai haƙƙi a ciki. In kuma kuna da ɗan'uwan da ba kwa magana, ku je ku same shi tun yana iya amsa muku sallama.