Shafin da Yaya Ta Daɗe Tana Karantawa

Yayata tana aiki a shagon hoton takardu. Daga safe zuwa la'asar takarda ke ratsa hannunta, ta ɗalibai da ta masu neman aiki, amma ko layi ɗaya ba ta karantawa. Ta ɗaga murfin inji, ta kife, ta danna, ta jera, ta miƙa. Wanda ya gan ta yanzu ba zai yarda ita ce muke kira Gara a gida ba, don a da littafi ba ya shiga hannunta ya fita ba ta cinye shi ba.

Akwai guda da ya fi shiga ranta, labarin wani saurayi da ya bar uwarsa ya hau jirgin ruwa neman arziki. Innarmu ba ta iya karatu ba, saboda haka Yaya ke karanta mata da yamma, Inna na ninke wanki, ni auta ina jin su. A shekarar ne wanmu Dogo ya tafi wani gari neman aiki. Da farko yana aiko da saƙo, daga baya shiru kamar an aiki bawa garinsu.

A littafin saurayin bai dawo ba. Jirgin ya nutse, jakarsa kawai aka kawo wa uwar. Yaya ta riga ta leƙa ƙarshen, da ma halinta ne. Da suka iso wurin sai ta dubi Inna, ta dubi shafin, ta dawo da saurayin gida da bakinta. Ta sauke shi a tasha, ta sa masa rama da gemu, ta sa uwar ta kasa gane shi sai da ya yi tari. Tun daga nan duk wanda ya ce wa Inna ta fid da rai da Dogo, sai ta ce ai na littafin Gara ma an fid da rai da shi.

Yaya ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo ɗakin Inna ta kama aikin shago. Dogo bai dawo ba. Muka daina zancensa, ba don mun haƙura ba, baki ne ya gaji.

Bara wata maƙwabciya mai son kai labari ta gaya wa Inna an mayar da littafin fim, za a nuna a talabijin ranar Asabar da rana. Inna ta ce sai ta gani. Yaya ta tono littafin daga ƙasan akwati, bangonsa ya rabu, ta kai shago ta ɗinke shi, ta riƙa karantawa idan ba mutane. Na tambaye ta yaya ta same shi. Ta ce ya fi yadda ta sani gajarta, saurayin ma taurin kai ne da shi, kuma ita ba ta ji komai ba. Fatanta ɗaya, masu fim su taɓa ƙarshen kamar yadda suka saba. In ba haka ba a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai ta tafi, ranar ta zauna daram.

Masu fim kuwa sun yi aikinsu. Sun ba saurayin kumatu, sun cire ƙanwarsa, sun ƙaro masa budurwa da waƙa, jirgin ma tas kamar ɗakin amarya. Komai sun canza sai abin nan guda da muke so su canza. Aka kawo jakar, uwar ta karɓa, sunaye suka fara hawa. Na jira ƙirjina ya yi wani abu, bai yi ba. Fanka kawai nake ji.

Yaya ta fara cewa ai masu fim haka suke, ɓata labari ne sana'arsu. Inna ba ta bari ta ƙarasa ba.

"Ke Gara, ba na karatu, amma ina da ido. Shafi ɗaya ya rage a hannunki, kika yi kwana da kwanaki kina karanta mini shi."

Ba faɗa a muryarta. Ta nuna littafin da haɓa, ta ce a karanta mata ƙarshen yadda aka saba.

Yaya ta buɗe shafin. Ta daɗe tana kallonsa irin kallon da take wa takardun shago, sannan ta ce ta manta ta inda ta biyo da shi.

Inna ta gyara zama, ta kalli ƙofa.

"Ya sauka a tasha," ta ce. "Ya rame, ya tara gemu. Ci gaba daga nan."