Sandar Awon Yaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran yayana, kafintan da duk unguwarsu ke kira Saura Kaɗan. Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ya rasu a shagonsa, zaune a bakin bencin aiki, da samfefa a hannu. Maƙwabcinsa mai gyaran keken ɗinki ne ya leƙa aron guduma, ya yi sallama sau biyu ba a amsa ba. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da ni ƙanwarsa, wadda ta yi kwana tara ba ta yi masa magana ba kafin ya tafi.

Yaya, tun ranar nake ɗaukar biro ina ajiyewa. An saba a irin wannan rubutu a yi ta yabo har ƙarshe, kuma ka cancanci yabon. Amma ni haushinka nake ji, haushin kaina kuma ya fi, kuma ba zan iya yi maka ƙarya a takarda ba tunda ban taɓa iya yi maka ita a fuska ba.

Wanda bai san ka ba zai so ya ji inda sunan ya samo asali. Duk wanda ya kawo maka aiki, ko kujerar tsuguno ce, in ya dawo bayan wata uku amsa ɗaya zai samu: saura kaɗan. Ba ƙyuya ce ba, don ban taɓa zuwa shagon nan na tarar da hannunka a sake ba. Kai dai ba ka yarda da katakon da bai shekara a inuwa yana bushewa ba. Ba ka yarda da ƙusa ba, sai dai ka sassaƙa katako ya shige cikin ɗan'uwansa ya riƙe. Ba ka kuma yarda da tef ɗin awo ba. Kowane aiki sai ka tsaga masa siririyar sanda tasa, ka je gidan mai aikin, ka jingina ta da bango, ka yi ta zana mata layuka da fensir kana rubutu a gefe. In aiki ya ƙare ka soke sandar a rufin shago. Sun fi ɗari a can, duk sun yi baƙi da ƙura.

Na san alherin da ke cikin wannan jinkirin. Lokacin da gwiwoyin Inna suka daina yarda da tabarma, kai ka yi mata kujerar da take salla a kai, kuma sau uku kana mayar da ita shago kana rage ƙafafunta, har sai da ka ga tana tashi ba ta dafa kowa ba. Telan bakin titinku ya shekara goma yana kukan ciwon baya, ka zauna ka kalli yadda yake taka keke, ka yi masa benci mai ɗan karkata, har yau a kansa yake ɗinki. Ni kaina ina aji uku na karya ƙafar tabarau, na ɓuya bayan ɗaki ina kuka don tsoron Baba, ka fere min wata da itace, ka shafa mata baƙin shuni, Baba bai lura ba sai bayan wata biyu. Daga ranar ka laƙaba min Tabarau, kuma na yi aure, na haihu, na shugabanci makaranta, na yi ritaya, ba ka taɓa kirana da wani suna ba.

To, da na bar aiki, yara kuma suka watse, ɗaki ɗaya ya zauna ba kowa a gidana. Na ƙudura in mayar da shi irin ɗakin karatun Baba. Mahaifinmu akawu ne, kuma yana da wani ɗaki da ba a shiga sai an wanke hannu: tebur mai durowa bakwai, tafireta, rediyo mai jikin katako, agogon bango da ake murɗa masa makulli duk mako. Bayan rasuwarsa kayan suka bi hannuwa. Na shiga neman irinsu wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Na samo agogo, na samo rediyon da ba ya kama komai sai shuuu, wata abokiyar aikina ta ba ni tafiretar da harafi ɗaya ya maƙale mata, maigidana ya kawo baƙin tarho mai juyawa yana min dariya wai in kira shekarun da suka wuce. Teburin Baba kuwa ashe yana shagonka, lulluɓe da buhu, gara ta cinye masa ƙafa guda. Wata biyar ka yi a kansa. Da ka kawo shi na jawo durowa ta tsakiya, ta fito sumul ba ƙara, na ji warin tawadar Baba, na zauna na yi kuka, kai kuma ka juya baya kana duba taga kamar an aike ka.

Saura kantocin littattafai, kuma a nan muka ɓata. Na nuna maka hoton da na yanko daga wata tsohuwar mujalla: kantoci uku na jan katako, daga ƙasa har rufi, da ƙyauren gilashi, da ɗan tsani da ake turawa a gefe. Na ce haka nake so, kada a rage ko ɗan yatsa. Ka kalli hoton, ka kalle ni. Ranar awo ka zo da sabuwar sanda, ka miƙo min alli, ka ce in shata maka a bango inda nake son littattafan da na fi ɗauka su tsaya. Na miƙa hannu na shata. Ka ce in ƙara wani layin sama da shi, iyakar inda zan iya. Na ƙara, sannan na ce maka daga nan kuma a ci gaba har rufi. Ka jingina sandarka, ka yi 'yan rubuce-rubucenka, ka sha ruwa, ka tafi.

Wata goma sha huɗu, Yaya. Littattafaina suna cikin kwalaye a zaure, ɓeraye sun fara karatu a ciki. In na kira, saura kaɗan. In na aiko, katako bai gama shan iska ba. In na zo da kaina, ka nuna min wani falanki ka ce in shafa in ji, kamar shafar ce za ta riƙe min ƙamus. Maigidana ya ce in haƙura in sayo na kanti, na ce ai sai a ce na raina ɗan'uwana. Na haɗiye, na ci gaba da jira, ina tsallake kwalaye duk safiya.

Ranar Lahadi, biyar ga wata, mota ta tsaya a ƙofar gida da kantoci biyu cikin ukun. Aiki dai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ko ƙusa ɗaya babu, katakon yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Amma da aka jingina su da bango, sai na ga da ƙyar suka wuce kaina. Tsakaninsu da rufi fili ne fetal. Babu tsani, babu wurin tsani. Na ɗauko hoton na ɗora a kai, na tambaye ka ko wannan ne wancan. Ka ce in dai jera littattafan tukuna in gani. Nan fa abin da na tara na wata goma sha huɗu ya ɓalle, a gaban direba, a gaban maigidana.

Na ce, "Da ka tsaya a makaranta kamar yadda Baba ya so, da yanzu ka iya karanta awo kamar kowane kafinta."

Na san inda na soka. Na san ka bar makaranta a aji shida ka bi zarto, kuma Baba ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwarka da kyau. Shekara hamsin da wani abu ba wanda ya tayar da maganar a gidanmu, sai ni, ƙanwar bayanka, a kan kanta. Ba ka ɗaga murya ba. Ka karkaɗe hularka a gwiwa, ka sa, ka ce, "Na ukun saura kaɗan, Tabarau." Ka shiga gaban mota.

Ban tsaya nan ba. Na ƙi taɓa kwalayen, don kada a ce na karɓi aikin. Ranar Alhamis na kira wani kafinta na bakin kasuwa, mai saurin hannu, na ce ya ƙara min tsawo har rufi. Mutumin, Allah ya saka masa, ya shafa gefen kantar ya ce, Hajiya, wannan ba irin aikin da ake ɗora wa wani abu ba ne. Na ce ba shawara na kira shi ba. Kafin la'asar ya haɗa akwatuna biyu na farin katako, ya ɗora, ya buga ƙusoshi takwas a cikin katakon da ka shekara kana lallashi. Na ji ƙarar kowace ɗaya daga kicin. Na ce a raina zan kira ka ka zo ka ga yadda ake gama aiki a yini ɗaya. Ban kira ba, ina jira ka fara kira, har Talata ta zo.

Bayan an share makoki matarka ta ce in raka ta shago, ba ta iya shiga ita kaɗai. Kanta ta uku tana tsaye a tsakiya, an gama komai sai ƙyauren gilashi, ɗaya a jingine, ɗaya a kan benci inda ka bar shi. Sandar aikina tana gefe, ba ka kai ga soke ta a rufin shago ba tukuna. Matarka ta miƙo min ta ce in tafi da ita, tawa ce. Na fito haske, na gyara tabarau, na bi layukan fensir da wannan rubutun naka mai manyan baƙaƙe. Faɗin bango. Tsawon ƙamus. Bakin taga. Can sama kuma layuka biyu, tazarar tafin hannu a tsakaninsu. A jikin na saman ka rubuta: nan ta cije leɓe. A jikin na ƙasan: iyakar hannun Tabarau ba ciwo. Daidai wannan layin ka tsayar da matakin sama na kowace kanta.

Shekara biyu ke nan da na zame a banɗaki, kafaɗar dama ta daina ɗaguwa sosai. Ban gaya wa kowa ba. Maigidana da muke kwana ɗaki ɗaya bai sani ba, 'ya'yana ba su sani ba, don ba na son a fara karɓe min kaya daga hannu ana ce min sannu. Na koyi zuba shayi da hagu, na koyi jawo gwangwani daga saman kabad da ludayi. Ina ganin na ɓoye. Matarka ta ce ran da ka dawo daga awo ka gaya mata cewa wadda ba ta iya ɗaga hannu, in ta hau tsani da littafi, da me za ta riƙe? Ta ce maka ka faɗa min mana. Ka ce tunda ina ɓoyewa, ba kai za ka tona ni ba. Ta ce ran Lahadin nan ma da ka koma gida ba ka kawo maganar makaranta ba, abin da ka ce kawai shi ne, "Ku bar ta, in ta jera littattafan za ta huce."

Wannan ne haushin da nake ji, Yaya. Kalma nawa ce? Da ka ja ni gefe ka ce, na ga kafaɗarki. Da na yi borin kunya na yini ɗaya, shi ke nan. Ka gwammace ka sha zagi a gaban direba da ka ba ni kunya a ɓoye. Haka kake tun muna yara, ka yi abu ka bar mutum ya gano da kansa, kamar kowa yana da lokacin da katako yake da shi. Ni kuma da na yi shekara talatin da biyar ina ce wa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa, ban tambaye ka dalili ba ko sau ɗaya. Na ga tef babu a hannunka, na yanke hukunci.

Na sa an sauke akwatunan nan. Kafintan ya zare ƙusoshin a hankali, ya ce zai cike ramukan da garin katako da gam, ba mai ganewa. Na ce ya bar su. Suna sama, ba mai ganinsu sai wanda ya hau kujera, amma ni na san takwas ne. Ta ukun ma an kawo ta, kuma na hana a sa mata ƙyaure, don ban ga hannun da zan ba ba. Jiya na buɗe kwalayen. Na jera tun daga ƙasa, na zo kan babban ƙamus ɗin Baba, na ɗaga shi da hannun dama, na tura shi kantar sama. Ya shige, kafaɗata ba ta ce komai ba. Na huce, kamar yadda ka ce, sai dai babu wanda zan kira in gaya wa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara arba'in da huɗu tana jin saura kaɗan ba ta gaji ba, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da maƙwabtanka na layin shago, da duk wanda sandarsa ke soke a rufin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa aikin hannunsa ya zama shaida a gare shi. Ya rufa min asiri ban sani ba. Ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka auna masa da rahamarka yadda ya riƙa auna wa bayinka, daidai inda hannunsu ke kaiwa. Ni kuma, Yaya, na roƙi Allah, na roƙi matarka, na roƙi 'ya'yanka, duk sun ce sun yafe. Taka yafewar ce ban ji da kunnena ba, kuma ita zan jira har mu haɗu. A shekaruna, na san saura kaɗan.