Mahaucin da Ya Iya Mutuwa

Clive Pilbeam mahauci ne a ƙauyenmu na Kent, kuma har ya ajiye wuƙa bai taɓa kallon wasan kwaikwayo ba. Tsohon gidan da ke bakin gari, inda wata 'yar wasa ta ƙare rayuwarta aka mai da shi gidan tarihi, iyakarsa da shi ƙofar baya, wurin kai nama.

Matarsa Doreen ce ta ja shi ciki wata Asabar da ruwa ya hana shi aikin lambu. Ni ce ke tsaron ɗakin tufafin wasa. Ya tsaya gaban wata rigar sarauniya mai ƙyalƙyali, ya daɗe yana kallo.

"'Yar nan, duwatsun nan ai kwalba ce," in ji shi.

"Kwalba ce, Baba. Daga nesa ake kallo."

"Kuma mutane su yarda?"

"Har kuka suke yi."

Da mako ya zagayo sai ga shi shi kaɗai. Tun yana jera kujeru a rumbun bayan gida, inda muke wasan kwaikwayo da bazara, har wata shekara Malama Ottaway, mai shirya mana wasa, ta rasa wanda zai fito a gawa, ta roƙe shi. Aikin kawai ya kwanta a doguwar kujera, a lulluɓe shi.

Doreen ta ce mata, "Kin samo gwani. Tun da na aure shi abin da yake yi a falo ke nan."

Ranar wasan ya cika ciki da biredi da cuku, ga ɗumi a rumbun. Mai fitowa a likita na cikin cewa rai ya yi halinsa, sai gawa ta ja minshari. Dariya ta hana a ƙarasa.

Kunya ta hana Clive fita ko shago. Sai da Malama Ottaway ta taka har gida ta ce masa 'yan kallo na tambayar yaushe mamacin zai dawo. Ya dawo, ya kuma ɗauki abin da gaske. Ya mutu a soja, ya mutu a attajiri, ko numfashinsa ba a gani.

Shekarar da ya fito a mataccen sarki, hannuwa naɗe a ƙirji, Doreen ta tashi tsakiyar wasa ta fice. Na same ta ƙarƙashin itacen tuffa tana share hawaye.

"Ya iya da yawa, ƙanwata," ta ce. "Ba na so in saba."

Ban gaya masa ba, amma ya ga kujerarta wayam. Daga nan bai ƙara kwanciya a dandali ba. Yanzu shi ke yi mana ƙarar tsawa daga bayan labule, yana girgiza fallen kwano, wani lokaci ma kafin hadarin cikin wasan ya taso.