Majo Attahir da Kumburin Hannun Balki

Kafin ladan ya sauke numfashi daga kiran asuba, Majo Attahir, babban ma'aikacin jinya, ya riga ya duba firjin allurai. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, a ƙasar Belbeji, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Mutum ne gajere, mai faɗa kamar zakara, ba ya rabo da bik, wato biro, a aljihu. Idan ya yi maka allurar gwajin tarin fuka a fatar hannu, zai ɗaga yatsu uku a gaban hancinka ya ce, "Kwana uku. Ba huɗu ba. In ba ka zo ba ni zan zo, kuma ba za ka ji daɗin zuwana ba."

Balki matar Buba makiyayi ba ta zo ba. Ita ta yi jinyar surukinta wata biyar yana tari, har Majo ya gano tarin fuka ne ya ɗora shi kan magani, sannan ya gwada duk mutanen rugar. Na kowa ya lafa, nata ya tashi ya yi ja. Nan take aka ware mata ƙwarya, aka hana ta tatsa, aka cire jaririyarta daga nono. Labari ya riga ta zuwa kasuwa, masu sayen nononta suka watse. Wadda ta yi wahalar tsoho ita aka mayar abin gudu, abin da ciwo.

Rana ta uku da hantsi sai ga Majo a kan moto, babur ɗinsa na aiki. Ya tarar uwar mijinta ta sa ƙarfe a wuta za a yi wa kumburin lalas, domin a wurinsu duk abin da ya kumbura, jikin raƙumi ko na mutum, wuta ce maganinsa.

"Inna, ajiye ƙarfen nan! Za ki ƙone mini takardata tun ban karanta ba?"

Ya kama hannun Balki. Bai kula da jan ba, taurin ya laluba da yatsa, ya ja layi da bik daga kowane gefe har bakin bik ɗin ya tsaya a jikin taurin, ya auna: milimita goma sha shida. Ya tambaye ta tari, zazzaɓi, rama, zufa cikin barci. Babu ko ɗaya.

"Ƙwayar ta shiga jikinta, wannan gaskiya ne," ya ce wa Buba. "Amma gwajin nan bai ce tana ciwo ba. Ƙwayar na iya kwanciya shekaru, mai ita ba ya shafa wa kowa. Sai mun ga hoton ƙirjinta kafin in yanke magana."

Buba ya ce, "Majo, jibi za mu tashi arewa, ciyawa ta fito."

"Ciyawa ba ta gudu. Matarka za ka bari ta ruɓe da baƙin ciki?"

Washegari suka tafi babban asibitin Tanut, hoto ya fito fes. Majo ya ba ta maganin rigakafi na wata shida, ya ƙulle na kowane wata daban, ya gaya mata in ta ga idonta ya yi rawaya ta daina ta nemi likita mafi kusa. Da hannunsa ya miƙa mata jaririyarta. Ranar kasuwa kuma ya zauna gaban ƙwaryarta, ya sa ta dama masa fura, ya sha da ludayinta kowa na kallo. Wata tsohuwa ta ce, "To, tunda Majo mai tsantsami ya sha, zuba mini."

Kai ne ka koya mana, Majo, cewa ba kowane kumburi ne hukunci ba, a auna kafin a yanke. Mun sha faɗanka, yau ga shi muna jin zafin rabuwa da kai. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaje shi, ku koyi awon, amma ku tuna mai hannun zai koma cikin mutane ne. Balki dai ta gama maganinta a can arewa, kuma ita ta yaye 'yarta da kanta, a lokacin da ta ga dama.