Malamin da ya biyo mu gonar albasa

Jiya ina cikin aji a Maiyama, ina koya wa yara jimlolin Turanci masu nuna lokaci da dalili, sai wata mota ta wuce da lodin albasar Aliero. Warin ya shigo ta taga, ya tuno mini da tsohon malaminmu na Turanci a Jega.

Shekarar da za mu yi jarrabawar fita, cirar albasa ta hana mu zuwa makaranta. Sai ga shi da hantsi a kan kekensa, har fadama. Babana ya gaishe shi, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, in na sake shi albasa ta ruɓe."

"Ban zo ɗaukar shi ba," in ji Malam. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi wuƙa.

Muna yanke ganye yana tambaya: "Yaushe kuka cire ta? Don mi? Faɗa mini da Turanci." Idonsa na zubar da ruwa, farin alli na haɗe da laka a yatsunsa, yana dariya in mun yi kuskure. Haka ya yi ta zuwa har muka gama, muka kuma ci jarrabawa.

Ya rasu ina karatu nesa, ko jana'izarsa ban samu ba.

Yaran suka ga ina share ido, na ce musu albasa ce. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai motar ta wuce tun ɗazu."

Allah Ya kai masa sanyi har makwancinsa, yadda ya kawo mana karatu har gona.