Yadda Fuskar Habu Ta Ɓace a Wakrah

Funtuwa zuwa Abuja

Ana kiran assalatu na fito daga gida, matata Rabi tana biye da ni da jaka har bakin zaure. Ni ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo ne a Funtuwa, an gayyace ni taro a Doha kan 'yancin 'yan jarida a lokacin yaƙi. Rabi kuwa ba taron ne ya dame ta ba. Ƙaninta Habu yana aikin gadi a can, ta ce in tabbatar na gan shi da idona.

Bayan mun wuce Kaduna wani soja ya leƙo motarmu ya tambayi sana'ata. Na gyara murya na ce ɗan jarida. Direba ya mintsine ni a cinya. Da muka wuce ya ce, "Malam, a hanyar nan kowa ɗan kasuwa ne." Na yi ta yi masa bayanin haƙƙin ɗan Adam har Zuba, shi kuma yana ƙara sautin rediyonsa.

Doha

Da na fito daga filin jirgi zafi ya mare ni, da na shiga otal sanyi ya kama ni, har na kwana da hula. A zauren taro aka ba mu abin sawa a kunne don jin fassara. Na shafe safiya ina gyaɗa kai, sai da wani ɗan Nijar ya taɓa ni ya ce Faransanci nake saurare.

Ba duka ne abin dariya ba. An miƙe tsaye don tuna abokan aiki da aka kashe a fagen daga, wani dattijo a gefena yana ta share hawaye da rawaninsa. Da aka ba ni dama na yi magana da zafi. Na ce duk wanda ya umarci ɗan jarida ya goge hoto, maƙiyin jama'a ne. Aka tafa mini sosai.

Mansura

Washegari na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Mansura, inda Habu yake zaune. Na tarar da Habu a ɗaki mai gadaje hawa-hawa, ya yi ƙiba, ya ajiye tumbi. Abokan kwanansa suna gardamar yaƙin da ake yi a yankin, kowa riƙe da wayarsa, kowa ya san abin da shugabannin duniya suka kasa ganewa.

"Yau ba ka da aiki ne?" na tambaye shi.

"Na ce wa oga cikina ya ɓaci, Yaya. Yalla, mu je Wakrah ka ci kifi."

Wakrah

Mun zauna a bakin teku, jiragen masunta suna lilo a gabanmu. Habu ya gama da gasasshen kifi guda, yana cikin na biyu, sai ga wata mata da lulluɓi, wani mai kyamara yana biye da ita. Da Turanci ta ce ita 'yar jarida ce daga Sudan, sunanta Amal, tana jin ra'ayin baƙi kan yaƙi.

Na gyara babbar riga na zuba mata jawabin jiya. Ta saurara da haƙuri, sannan ta juya ga Habu. Bakinsa duk mai, ya ce da guntun Turancinsa, "Duk lokacin da aka ce yankin nan ya ɗau zafi, manya suna da tikitin jirgi. Mu ƙofa muke da ita, a nan za mu tsaya. Uwata kuma ba ta barci."

Ta yi godiya, suka fara naɗe kaya. Sai na ga Habu ya daskare, ƙayar kifi a hannunsa.

"Yaya, oga ba ya kashe talabijin. Idan ya ga mai ciwon ciki yana cin kifi, khalas, aiki ya ƙare, sai dai mu koma Funtuwa tare."

Na tuna cewa da aikin nan yake riƙe mahaifiyarsu da ƙannensa. Na raɗa masa da Hausa, "Bari in ce mata kai ba ka da cikakken hankali, dole ta goge."

"A'a, ka ce ana nemana a gida saboda siyasa."

"Da wannan tumbin wa zai yarda kana gudun hijira?"

Amal ta juyo ta ce, da Hausa tsantsa, "Malam, ba kai ne jiya ka ce mai sa a goge hoto maƙiyin jama'a ne ba? Ina layi na uku a zauren taron."

Ashe kakarta Bahaushiya ce, a hanyar aikin Hajji iyayen kakar suka yada zango a Sudan. Na rasa inda zan sa kaina. Habu ya tura mata farantin kifi.

Ta ce, "An sha sa ni in goge hoto da bakin bindiga, amma da kifi yau ne farko. Ba zan goge ba, domin maganarsa gaskiya ce. Fuskarsa zan rufe. Haƙƙinsa ne, da ya tambaya ma ya isa."

Komawa gida

Na iso Funtuwa da la'asar, na tarar an riga an watsa rahoton, Habu ya turo shi a waya. Jawabina ko kalma ɗaya ba a sa ba. Habu ne kawai, fuskarsa ta dame kamar kunu, tumbinsa a fili, an rubuta cewa ma'aikaci ne da ya nemi a sakaya sunansa. Ogansa ya kalla, bai gane shi ba, har ya ce wa Habu wannan mutumin ya yi magana mai hankali.

Surukata Hajiya kuwa kallo ɗaya ta gane ɗanta. Ta aiko a kira ni tun ban cire takalmi ba. Na durƙusa a bakin ƙofarta, kaina a ƙasa.

"An aike ka ka dubo yaro lafiyayye. Me ya cinye masa fuska?"

Na yi mata bayanin kare haƙƙin wanda aka yi hira da shi, dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa Rabi ta nemo man darbejiya a aika masa ya riƙa shafawa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Amal. Man ma an aika, Habu ya ce a shaida wa Hajiya fuska ta dawo.