Gurbin Nababa a Tabarmar Ciyayya

Nababa taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata, don haka tun muna yara nake faɗa masa abin da na ga dama. Yanzu lauya ne, yana haya a Ungogo, yana shiga kotunan birni da baƙar riga. Mutanen ƙauyenmu, nan gefen Tofa, in sun ambace shi sai su ce Allah ya yi masa komai. Ni kuwa da na san shi tun yana yawo ba wando, na san abu ɗaya da ya nema a wurinsu bai samu ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

A unguwarmu maza ba sa cin tuwon dare a ɗaki. In an idar da sallar magariba, kowane magidanci yakan ɗauko kwanonsa ya kai ƙofar gidan Malam Dabo, dattijon unguwa, a baje a tabarma. A buɗe kwano ɗaya, kowa ya ci gabansa, in ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. A nan ake sanin matar wa ta iya miya, a nan ake tsegumin akuyar wa ta shiga waken wa. Mahaifin Nababa ya rasu da wuri, shi ya sa tun gemu bai fito masa ba yake fita da kwanon gidansu ya zauna a gurbin ubansa. Ga shi da surutu, har dattawa suna cewa bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Kai gare shi, wannan ba na musu. Ya samu tallafin karatu ya tafi Sudan, ya yi shekaru yana karatun shari'a. Da ya dawo muka ɗauka shi ke nan, sai kotu. Ashe wanda ya karanto a waje ba ya faɗawa kotu kai tsaye. Sai ya je makarantar horar da lauyoyi a Abuja ya yi zango na musamman kan dokokin ƙasar nan, ya ci jarrabawa, ya haɗu da waɗanda suka yi karatu a gida su yi babban zangon tare, sannan a rantsar da shi. Kafin ma a ba shi gurbi sai da ya zauna jira a gida. Ya yi wa mutane bayanin nan har bakinsa ya gaji, amma ina. Tun ranar da ya sauka suka laƙaba masa Barista.

Yammacin farko ya ɗauki kwanonsa cike da ɗoki. Ina leƙe ta darnin gidana, don gidan mijina Badaru yana kallon ƙofar Malam Dabo. Yana shirin tanƙwashe ƙafa Malam Dabo ya tare shi.

"Haba Barista, ina kai ina zaman ƙasa?"

"Baba, ni ne fa, Nababa."

"Mun sani. Ai shi ya sa."

Aka fito masa da kujerar roba, aka ɗora kwanonsa a benci, har da cokali. Yana sama shi kaɗai, su suna ƙasa sun haɗa kai, kuma hira ta mutu murus, ba ka jin komai sai suɗar yatsa. Da Badaru ya shigo na tsare shi da tambaya.

"Luba, ba ki san lauya ba," in ji shi. "Duk abin da ka faɗa a gabansa ya zama shaida."

Na ce, "Wace kotu ce za ta zauna a kan hirar akuya?"

Su a ganinsu girmamawa ce. Ni a ganina sun ɗauki yaronsu sun rataye shi a bango kamar kalanda.

Ya daure na ɗan lokaci, daga baya ya daina fita, don ya lura in ba ya nan dariyarsu har ɗakinsa take zuwa. Ko gona ya je, wani zai karɓe fartanyar ya ce bai dace ba. Kotu ba ta karɓe shi ba, gona ta sake shi. Na sha tarar da shi a zaure da littafi a buɗe, idonsa a kan hanya. In na tsokane shi da cewa lauyan gyaɗa, sai ya yi murmushi kawai. Nababa mai baki ya koma haka, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Da ya samu gurbi a makarantar lauyoyin ya tafi, yakan kira ni a waya. Wata rana ya ce, "Kin san sai mun zauna cin abinci da manya, cikin baƙaƙen kaya, da wuƙa da cokali mai yatsu, kafin a rantsar da mu? Dole ne."

Na tuntsire da dariya na ce, "Ka ga ciyayyar 'yan boko."

"Kowa da farantinsa ne, Luba," ya ce, ya sauya magana.

A shekarun nan ne rayuwa ta yi mana tsanani. Taki ya gagara, masara ta gagara, rumbu ya riƙa ƙarewa tun damina ba ta faɗi ba. Kwanukan ciyayya suka fara ƙanƙancewa. Ita kuwa ciyayya tana da doka da ba wanda yake faɗa: magidanci ba ya zuwa hannu rabbana. Sai wannan ya ce cikinsa ba daɗi, wancan ya ce yana da baƙo. A hankali tabarmar ta daina fitowa, ba wanda ya ce an fasa. Ba wanda ya gaya wa Nababa kuma, don mu in an tambaye mu a waya lafiya lau muke cewa.

Bayan an rantsar da shi ya zo gida. Ya bi gida gida ya gaisa, ya durƙusa gaban Malam Dabo ya ce, "Baba, yau a tabarma zan ci. Don Allah kar a fito da kujera." Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kai mu.

Ya sa mahaifiyarsa Inna Kaltume ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe da nama, babban kwano. Ana idar da magariba ya shimfiɗa tabarma da kansa ya zauna. Maza suka fito daga masallaci, kowa ya ɗaga masa hannu ya shige gida da sauri. Ranar a gidana kwaɗon rama ne kawai. Na zuba a kwano na miƙa wa Badaru.

"Ka kai. Wallahi ba abin da ke ciki yake nema ba."

Ya karɓa, ya kai zaure, ƙamshin nama ya buge shi, ya dawo. "Da wane ido zan buɗe wannan kusa da tuwon shinkafa?" Na yi faɗa har na yi hawaye, bai motsa ba. Ni kuma mace ba ta zama a tabarmar nan. Nababa yana nan zaune har aka kira isha'i.

Da safe na tare shi zai tafi bakin titi, na gaya masa gaskiya, duk da asirin gidana ne nake tonawa. Sai ya ce, "Da na sani, da rama zan fito."

Da ya wuce na shiga gaida Inna Kaltume. Na tarar ta buɗe kwanon za ta yi ɗumame, ta tsaya tana kallo. Gabansa kawai ya ci. Sauran tuwon yana nan yadda ta kwashe shi, ya bar wa kowa nasa gefen.